Igiya a Hannun Suruki

Da hantsi aka mayar wa dangin Ja'afaru goronsu, ko ganyen da aka rufe shi da shi ba a ɗaga ba.

Lubabatu tana tsugune a bakin murhu tana tuƙa tuwon leburori, ta ga Bappa Habu, yayan mahaifinta, ya ɗaure ƙwaryar a bayan kekensa ya kama hanyar Lausu, garin su Ja'afaru. Bai dubi inda take ba. Ita ma ba ta saki muciya ba, don in ta saki tuwon zai yi gudaji, ga mutane can bakin rijiya suna jiransa. Hawayen ne kawai suka ƙi jin magana.

"Share fuskarki," in ji Iya daga ƙofar ɗaki. "Ba mutuwa aka yi ba."

"Iya, me ya yi da za a mayar masa da kaya kamar wanda aka kama da sata?"

"Ni kike tambaya? Duk garin nan na Kahu babu wanda bai ji ba, 'yan talla har sun kai labarin kasuwar Kibiya. Ya buɗe baki a gaban leburori, a gaban matan da suka zo kallo, ya kira ubanki da sunansa gatsal. Babu Malam, babu Baba. Sannan ya ƙwace igiya daga hannunsa ya ce ya tafi gida. Mai neman 'yar mutum ke nan."

"Ƙafar Alu lebura fa ta karye a rijiyar, Iya."

"Ƙafa ana ɗora ta. Mu wa zai ɗora mana abin da ya karya?"

Haka aka yi ta maganar a garin, kuma abin da ke ba ni haushi ke nan. Magidanci yana kwance a gidan mai ɗori, ƙafa a ɗaure da karare, damina tana matsowa babu mai yi masa sharar gona, amma ba zancensa ake yi ba. Zancen suna ake yi.

Ga yadda abin ya faro.

Malam Ishiyaku, mahaifin Lubabatu, shi ne babban mahaƙin rijiya na yankin a zamaninsa. Shi ya ɗauko Ja'afaru daga Lausu yana saurayi, ya koya masa riƙon diga da yadda ake gane ƙasar da za ta rufta. Da hukumar En'e ta shiga gina rijiyoyin siminti a ƙauyuka, a shekarar da aka sauke tutar Bature, sai aka naɗa Ja'afaru helima, wato shugaban leburorin. Malam Ishiyaku kuwa baya ya riga ya ƙi, ba ya iya shiga rami, sai aka ba shi igiya.

Kada wani ya raina wannan aiki. Ana gitta gungume a bakin rijiya, igiya ta bi ta kansa, mai haƙa ya ɗaura ta a ƙugu ya sauka. Mai igiya shi ke naɗe ɗaya bakin a jikin turke, ya dinga sassautawa kaɗan-kaɗan har mutum ya taka ƙasa. Ba a ba kowa ita sai wanda aka yarda da idonsa da hannunsa. Kuma in an ba shi, ba a tambayarsa ko lafiyarsa ƙalau, domin a wurin mahaƙa tambayar kanta zagi ce.

Lubabatu bazawara ce, sanƙarau ya ɗauke mijinta na fari, ta dawo gidan ubanta tana dafa wa leburori abinci. A nan suka ga juna da Ja'afaru. Tun ranar da aka san yana zuwa zance gidan, shi da Malam Ishiyaku suka daina haɗa ido. Suruki ba a kiran sunansa, ba a cin abinci a gabansa, in an hango shi a hanya sai a tuɓe takalmi a ratse a durƙusa. Sai ga helima yana ba kowa umarni ban da mutum guda. In yana son a ƙara igiya, sai ya kalli gefe ya ce wa iska, "A ɗan sassauta." Leburori har tsiya suke yi masa, suna cewa kunyarsa ta fi ta amarya.

A daidai wannan lokacin Shitu ya fara zuwa wurin aikin. Mai tebur ne a kasuwar Rano, da sabon keke da agogo a hannu. Yana kawo ashana da sabulu da taba, sannan akwai wani ɗan gwangwani a aljihunsa, cike da ƙwayoyi farare ƙanana da yake kira maganin ƙarfi. Leburori saye suke yi. Malam Ishiyaku kyauta ake ba shi, domin Shitu ma Lubabatu yake so.

Ƙwayar ta ɗauke wa dattijo ciwon baya, ta ɗauke masa yunwa, ta haɗa har da barci. Da barcin ya ƙi dawowa, sai aka nuna masa wani gida a bayan tashar Rano inda ake sayar da abin da ke dawo da shi. Mutumin da bai san warin giya ba sai da gemunsa ya yi fari.

Lubabatu ta sani, ita ke wanke masa riga. Iya ma ta sani. Kowacce ta haɗiye abinta.

Ta gama kwashe tuwon ta ɗora a ka, tana fitowa zaure ta ji ƙararrawar keke. Shitu ne, ya jingine kekensa, ya tuɓe takalmi tun daga nesa ko da yake babu wanda zai tuɓe wa.

"Sannu da aiki, Lubabatu. Na ji abin da ya faru, wallahi raina ya ɓaci. Baba yana ciki? Na kawo masa ganyen shayi da sukari."

"Na cikin aljihun fa?"

"Maganinsa ne."

"Kai ka san abin da kake ba shi, Shitu. Ka san abin da ya mayar da shi."

Ya yi murmushi, ya gyara zaman agogonsa.

"Na san dai ban taɓa kiran sunansa ba."

Ta wuce shi. Tana jin muryar Iya a bayanta tana yi masa maraba, tana cewa a shimfiɗa wa yaron kirki tabarma.

Rijiyar tana gabas da gari, gindin wata tsohuwar tsamiya. Ta haura gaba goma ba a cim ma ruwa ba, an tarar da dutse, tun faruwar abin kuwa ba wanda ya sake sauka. Leburori suka karɓi tuwo suka ja gefe, don sun san akwai magana. Ja'afaru yana zaune a kan buhun siminti, ya yi zuru-zuru. Da ya gan ta ya miƙe.

"Luba."

"An mayar da goron, Helima."

"Na ga wucewar Bappa."

Ta ajiye ƙwaryar da ke hannunta. Ta yi niyyar yi masa magana a hankali, amma da ta buɗe baki kuka ne ya riga fita.

"Me ya sa? Duk kalmomin duniya ka rasa wadda za ka faɗa sai sunansa? Ka san mutanenmu. Ka san da ka mare shi a ɓoye da ya fi sauƙi a wurinsu. Na jira ka, na kori wanda na kora saboda kai, ana saura kaɗan ka rushe komai da bakinka."

"Zauna in gaya miki."

"Ba zan zauna ba."

"To, ji a tsaye. Motar siminti ce ta zo, na tafi karɓar kaya. Na ce kada kowa ya sauka sai na dawo, Alu ya ga rana tana yi, ya ɗaura igiya ya shiga. Ina dawowa na hango igiya tana gudu a jikin turke, har hayaƙi take yi. Baba yana tsaye, idonsa a buɗe, amma ba ya ganin komai. Na ce Baba, bai ji ba. Na ce Malam, bai ji ba. Ina gudu ina kira. Sai da na kira sunan da uwarsa ta raɗa masa sannan ya farka ya damƙe. Da na tsaya neman kalma mai ladabi, Luba, da gawar Alu muka jawo."

Ta toshe bakinta da gefen mayafi.

"Ba ranar ya fara ba," in ji shi, muryarsa ta yi ƙasa. "Tun kaka nake ganin hannunsa yana rawa. Wata rana ya yi ta surutu ba numfashi, wata rana ya yi gyangyaɗi a tsaye. Da wani ne cikin yaran nan da tuni na sallame shi, kamar yadda na sallami biyu a Tarai saboda ƙwayar nan. Amma ta ina zan fara? Mutumin da ba na iya ɗaga ido in dube shi, in ce masa me? Na je wurin Bappa a asirce, na roƙe shi ya yi masa magana. Ya ce, au, tun ba a ɗaura ba ka fara tono laifin surukinka? Na dawo da kunyata. Daga nan na hana kowa sauka, ni nake shiga kullum. Na ce in igiyar za ta kuɓuce, ta kuɓuce da ni."

"Kullum? A igiyarsa?"

"Kullum."

"Ina kawo tuwo ina yi maka dariya ka yi buɗu-buɗu da ƙasa, ashe abin da kake yi ke nan. Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

Ya dube ta ido cikin ido.

"Ke me ya sa ba ki gaya mini ba?"

Mutum biyu da suke cewa babu abin da suke ɓoye wa juna, ashe wata da watanni abu guda kowannensu yake ɓoyewa, kuma Alu ne ya biya da ƙafarsa.

Suna nan tsaye Bappa Habu ya dawo daga Lausu, bayan kekensa wayam. Ya sauka ya dubi Lubabatu sama da ƙasa, sannan ya juya ga Ja'afaru, wanda tuni ya durƙusa.

"Manyanka sun roƙe ni, kuma mutanen kirki ne, don haka na ba su hanya guda. Gobe da safe dagaci zai zo nan da dattawan gari. Ka durƙusa gaban ƙanena ka ba shi haƙuri, ka miƙa masa igiyarsa da hannunka. Sannan ka ɗaura ta a ƙugunka ka sauka yana riƙe, kowa ya gani da idonsa cewa hannun Ishiyaku lafiya lau yake, abin da ya sami Alu ƙaddara ce. In ka yi haka goro ya dawo. In ba ka yi ba, mutanen Shitu sun riga sun nemi a ba su rana."

"Bappa, ni bazawara ce," in ji Lubabatu, kanta a ƙasa. "Ba a yi mini dole."

"Wa ya ce zai yi miki dole? Ki zauna har ki tsufa in kin ga dama. Amma babu namiji a zuriyarmu da zai tsaya miki alwali ga wanda ya tozarta ubanki a bainar jama'a."

"Na yarda, Bappa," in ji Ja'afaru.

"Allah ya kai mu."

Ƙarar kekensa ba ta gama ɓacewa ba ta juyo kan Ja'afaru.

"Ka yarda da me? Ka haukace ne?"

"Sau nawa na sauka a igiyarsa na fito? Wannan ɗaya ce ta rage."

"Da can ba kamar yanzu ba ne. Tun ranar da ka kore shi bai runtsa ba, bai ci abin kirki ba. Yana ta zagaye tsakar gida yana magana shi kaɗai. Kuma ko ka fito lafiya, jibi fa? Zailani ne zai sauka, gata wani cikin leburorinka. Duk masu iyali ne."

"In aka ɗaura aure zan san dabara. In ba shi tsaron kaya, in ce girmamawa ce. Amma sai na zama ɗan gida tukuna."

"In kuma ta kuɓuce?"

"To, kwana ya ƙare."

"Kada ka gaya mini haka. Na taɓa zaman takaba, na san ɗacinta. Wancan ciwo ne ya ɗauke shi, na ce Allah ya yi. Kai kuma so kake in tsaya ina kallo ubana ya sake ka cikin rami, in rasa ka, in rasa shi, in rasa wanda zan yi wa kuka a cikinku?"

Idonsa ya kawo ruwa, bai goge ba.

"Luba, na iya fasa dutse, na iya yini a rami ba iska. Abin da ban iya ba shi ne in wuce ta Rano in ga keken Shitu a ƙofar gida, in san kina ciki. Ban san yadda ake zama a duniya a haka ba. Ki bar ni in sauka."

"Ina sonka, Helima, Allah ya sani. Amma wannan ba so ba ne kake nema in yi maka."

"Ki yi mini addu'a kawai."

Ta ɗauki ƙoren da aka cinye tuwo ta koma gida, tana tafe tana kuka, ba ta damu da wanda ya gan ta ba.

Washegari bayan an idar da sallar asuba ta dama koko ta kai wa mahaifinta. Yana zaune a bakin gadonsa, ya sa farar rigarsa ta Juma'a, idanun sun faɗa sun yi ja. Ɗakin yana ɗan warin abin da ya shigo da shi jiya.

"Uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa aka sa mata. "Shigo mana. Kin rame."

Ta durƙusa ta ajiye ƙwaryar. Ya ɗauki ludayi, kokon ya dinga zuba a hanya kafin ya kai baki. Ya mayar da ludayin ya ɓoye hannun a cikin riga.

Wannan hannun ne ya ɗauke ta a kafaɗa ya kai ta kallon rijiyar farko da ya haƙa a Kibiya. Shi ya share mata hawaye ranar da aka dawo da ita daga gidan miji da kayan takaba. Maganar tana nan a bakinta, ta kwana tana shirya ta.

"Baba, da yau ka huta."

Ya ɗago kai.

"Ke ma kin ɗauki maganar mutane?"

Babu faɗa a muryarsa. Tsoro ne a ciki, irin na wanda ke jiran a gaya masa abin da ya riga ya sani. Da ya daka mata tsawa wataƙila da ta iya. Amma ta dubi furfurarsa, sai ta haɗiye maganar.

"A'a, Baba. Na ga dai kamar ka gaji."

"Yawwa, Uwata. Na san ke ba za ki juya mini baya ba."

Ya laluba ƙarƙashin matashi ya ciro ɗan gwangwanin Shitu. Ya zazzaga a tafinsa, fiye da yadda ta taɓa gani yana sha, ya watsa a baki ya kora da koko.

"Yau hannuna zai tsaya kamar turke. Za ki gani."

Ta tashi ta fita da ƙwaryar.

Kafin rana ta yi zafi gindin tsamiya ya cika. An shimfiɗa wa dagaci buzu, dattawa sun kewaye shi, mata sun tsaya can baya, Iya a cikinsu. Shitu ya jingina da kekensa inda kowa zai gan shi.

Ja'afaru ya tuɓe takalmi ya rarrafo gaban Malam Ishiyaku, kansa a sunkuye.

"Baba, na yi kuskure, na yi rashin kunya. A yafe mini."

Ya miƙa igiyar da hannu biyu. Dattawa suka ce madalla, haka ake son yaro. Malam Ishiyaku ya karɓa yana dariya, wata irin dariya mai sauri wadda ba tasa ba. Ya shiga ba dagaci labarin rijiyoyin da ya haƙa, yana faɗa yana maimaitawa, wannan labari bai ƙare ba ya faɗa wancan. Gumi yana tsiyaya daga gemunsa alhali da sauran sanyin safiya. Ya naɗa igiyar a turke, ta zame. Ya sake naɗawa.

Lubabatu ta dubi leburori. Zailani ya gani, ya sunkuyar da kai. Sauran ma sun gani, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Dattawan nan da suka san Ishiyaku tun yana yaro, babu wanda bai lura ba. Ta dubi Iya, Iya ta kawar da fuska. Gari guda ya taru, kowa yana ganin abu ɗaya, kowa yana jiran ladabi ya kashe mutum a gabansa.

Ja'afaru ya ɗaura igiya a ƙugu ya ja ƙullin. Ya zauna a bakin rijiya ya zura ƙafafunsa ciki, ya yi bisimilla. Bai nemi inda take ba, kuma ta san da gangan ne.

Malam Ishiyaku ya kama igiya. Labarin da yake bayarwa ya tsaya a tsakiya. Idonsa ya kafe a kan wani wuri da babu komai.

"A ɗan sassauta," in ji Ja'afaru.

"Helima, kada ka sauka."

Ba ta ɗaga murya sosai ba, amma babu wanda bai ji ba. Ta riga ta fito daga cikin mata, tana tsaye a fili ita kaɗai.

"Ke, koma inda kika fito," in ji Bappa Habu.

"Ba zan koma ba, Bappa. Ranka ya daɗe, a gafarce ni." Ta durƙusa ta fuskanci dagaci. "Baba ya sha ƙwaya da safen nan, a gabana, cike da tafin hannu. Jiya da warin giya ya shigo gida. Rabonsa da barcin kirki tun ranar da Alu ya faɗi. Ba ƙaddara ce kawai ta karya Alu ba, kuma duk wanda ke nan ya sani. Mai kawo masa ga shi can tsaye da keke."

Wata tsohuwa a baya ta ja salati a hankali. Iya ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya.

Malam Ishiyaku ya dawo daga inda ya tafi. Ya dubi igiyar da ke hannunsa, ya dubi hannun, yana rawa a gaban kowa, babu rigar da zai ɓoye shi. Sannan ya dubi 'yarsa. Ta so ya zage ta, ta so ya tsine mata. Bai yi ko ɗaya ba.

"Uwata," ya ce, "da safen nan mu biyu ne kawai a ɗaki."

"Baba..."

"Na tambaye ki. Da a can kika gaya mini."

Ya sunkuya ya ajiye igiyar a ƙasa a hankali. Ya bi ta tsakiyar mutane suna darewa, hularsa ta faɗi bai tsaya ɗauka ba. Ba hanyar gida ya bi ba, hanyar Rano ya kama. Shitu ya dubi hagu ya dubi dama, ya ga babu wanda ya ce a riƙe shi, sai ya tura kekensa ya bi bayan dattijon.

Bappa Habu ya kakkaɓe rigarsa. Bai yi wa Lubabatu magana ba, Ja'afaru ya nuna da yatsa.

"Rannan kai kaɗai ka ci mutuncinmu. Yau ka sa 'yar cikinsa ta tsaya gaban dagaci ta tuɓe shi. Ka gaya wa manyanka kada su sake tako ƙofarmu. Ko bayan raina, na bar wa 'ya'yana wannan magana."

Dagaci ya miƙe aka naɗe buzu. Dattawa suka bi shi, kowa yana gyaran murya, ba wanda ya ce ta yi daidai, ba wanda ya ce ƙarya ta yi. Mata suka tafi da Iya a tsakiyarsu, ba ta waiwayo ba.

Ja'afaru ya janyo ƙafafunsa daga rami ya miƙe. Ya tako har inda take durƙushe. Fuskarsa sharkaf da hawaye, kuma akwai fushi a ciki, bai ɓoye ba.

"Da kin bar ni, Luba. Wataƙila da na fito."

"Wataƙila."

"Kin kashe aurenmu."

Ta ɗago ta dube shi tun daga ƙafa har kai, ga shi tsaye da ransa, ba nata ba.

"Na sani," ta ce. "Kwance igiyar nan daga ƙugunka."